Neman Takwarar Iya a Ƙasar Tonawa

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wanda ya tare ni a ƙofar masallaci sai ya ce, "Malam Kyari, yaya Gana?" Wanda ya same ni a layin rabon jar dawa, maimakon ya ji da ƙwaryarsa, sai ya matso ya ce, "Wai da gaske dodon koɗi suke ci?" To ga shi na rubuta, kowa ya karanta, wanda bai iya ba ya nemi mai iyawa. Lakwal ɗina, wato karatun boko, shekara biyu ce da ɗan ɗori, daga nan ni da mushe, malamin ajinmu, muka gane ba za mu amfani juna ba, muka rabu lafiya. Saboda haka kada wani ya biyo ni da jan alƙalami. Kuma tun da wuri in rage muku wahala: in kuna neman wawan labarin nan, shi ne ya rubuta shi.

Waɗanda suka san gidanmu a Birnin Damagaram sun san ƙanena Bukar. Ya tafi cin rani Kumasi tun gemuna yana baƙi, rani ɗaya ya haifi wani, har ya zama ɗan aikin gonar koko a wani ƙauye, ya auri Batoniya, wato mutuniyar Asante, suka haifi ƴa mace. Ya sa mata Fanna, sunan mahaifiyarmu. Bara wani falken goro ya kawo mana labarin Allah ya yi masa rasuwa.

Iya ba ta yi kuka a gabanmu ba. Sai da aka kwana biyu ta sa aka kira ni ɗakinta. Ku tuna ni ina da jikoki, amma in tsohuwar nan ta ce "Kyari" ba tare da Malam ba, gwiwoyina da kansu suke neman ƙasa.

"Ka je ka ɗauko mini takwarata."

Na ce, "Iya, kina ganin shekarar nan. Mu da ke nan ma da ƙyar muke ɗora tukunya sau ɗaya. In na kawo ta me za ta ci?"

"Ban tambaye ka abinci ba. Idona ya tafi, saura hannu. Ina so in shafa kanta kafin in bi ubanta."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Na sayar da ɗaya daga cikin manyan rigunana biyu, na bar mai aska takwas ɗin domin in shiga da ita gaban surukai. Sa'an nan na yi abin da duk ɗan mutunci zai yi: na shiga kasuwa na zaɓi goro ƙwarya guda, manya-manya, babu mai tabo ko ɗaya, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ba a zuwa gidan surukai hannu rabbana.

Ku riƙe dariyarku, na san kun riga kun gano. Ni ma na san inda goro ke fitowa, can ƙasar da zan kai shi, kakana falke ne. Sanin yana nan a kaina, ranar dai bai zo aiki ba.

Daga Damagaram zuwa Galmi ba abin da zan faɗa muku wanda ba ku gani ba. Mushen shanu a bakin hanya, har ungulu ta ƙoshi ta daina sauka. A gefen kowane gari ga Buzaye da Fulani sun kafa ƴan tsummoki, mutanen da a da sai mun gaishe su kafin su amsa, yanzu suna tsaye a layi, takobi a rataye, kwano a hannu. Na riƙa kawar da kai don kada su ga na gani.

A Galmi na sami kamiyo, babbar motar kaya, mai kai albasa har Kumasi, aka ɗora mu a kan buhuna. Wanda bai yi tafiya a kan albasa da rana tsaka ba bai san kuka ba dalili ba. A nan na gamu da wani Bafillace, Sambo, dogo, siriri kamar sandar da ke hannunsa. Sandar nan ita kaɗai ta rage masa daga garkensa, zai tafi Gana neman wanda zai ba shi kiwo. Da ya ga zanen fuskata sai ya washe baki.

"A'a, Babarbare! Allah ya ba ni bawa a kan hanya. Matsa ka ba ubangijinka wuri."

Na ce, "Zauna ƙasa-ƙasa, ɗan Fillo, kada iska ta ɗauke ka in rasa mai ɗaukar mini kaya."

Muka zama abokai. Shi ne ya fara kama ni ina yayyafa wa goro ruwan butata, ni kuma ina tsotsar abin da ya rage.

"Kai bawana, me ke cikin tsumman nan da kake shayarwa kamar jinjiri?"

"Goron surukai ne."

"Ina surukan?"

"Asante."

Ya dube ni, ya dubi tsumman, ya juya mini baya. Na ga kafaɗunsa suna rawa. Na ɗauka kukan shanunsa yake yi, har na dafa shi na ba shi haƙuri.

Muka wuce Yamai, muka shiga ƙasar Mosawa. A Wagadugu mota ta lalace, muka yi zaman dole a tasha, kwanciya a kan kwali, abinci tuwon dawa da miyar da ba ta taɓa gamuwa da gishiri ba, don fari ya taɓa su su ma. Na ga mata a kan mobilet, ƴan ƙananan babura, da goyo a baya, suna tsala gudu, ba wanda ya ko waiwaya sai ni. Ranar Juma'a da safe aka ja mu kallon sarkinsu. Ya fito cikin jajayen kaya, an ɗaura wa dokinsa sirdi, wai zai tafi yaƙi. Fadawa suka zube suna roƙonsa ya yi haƙuri. Ya yi haƙuri, ya koma gida, ya fito da fararen kaya, aka buga bindiga, kowa ya kama gabansa. Aka ce haka ake yi kowace Juma'a tun kaka da kakanni. Na ce wa Sambo, mu Damagarawa muna taƙama da igwa da ganuwa da garuruwan da muka ci, amma ban taɓa jin yaƙi mai albarka kamar wannan ba, ba gawa ba maraya. Ya ce ai dole Babarbare ya yaba yaƙin da ba a fita.

A iyakar Gana na gyara hula, na fito da katin dantite, wato katin shaida, na ce wa Sambo ya tsaya bayana ya ga amfanin ilimi. Na zuba wa ma'aikacin Faransanci, duk abin da mushe ya bari a kaina, har da wanda ban san ma'anarsa ba. Mutumin ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce da Hausa, "Baba, ina za ka?" Ashe Hausa ta riga ni isowa da daɗewa. Ya buɗe tsumman goro, ya tambayi inda zan kai, na faɗa masa. Ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ba su ɗauki ko ɗaya ba. Na ce a raina, lalle ma'aikatan ƙasar nan akwai tsoron Allah.

Muna tashi daga bariyar, wato shingen iyaka, sai direba ya koma hannun hagu ya miƙe. Na ƙwalla salati, na buga kan mota, ina cewa barci ya sace shi. Aka ce in zauna, haka Ingilishi ya bar musu hanyarsu. Faransa ya ce dama, Ingilishi ya ce hagu, mu dai muna kan albasa. A garin bakin iyakar akwai tafki cike da kadoji, mutanen garin sun ce ƴan'uwansu ne, ba sa kashe su, su ma ba sa taɓa kowa. Mata na wanki, kada na shan hantsi a gefe. Na so in yi wa'azi, sai na tuna gidaje nawa na sani a Damagaram da ƴan'uwa ba su kai haka zaman lafiya ba.

Kudu da Tamale ƙasa ta fara yin kore. Da mota ta tsaya salla Sambo ya sauka, ya shiga ciyawa har gwiwa, ya tsaya cik. Ba wasa, ba zagi. Ya tsinko danƙi guda ya shinshina, ya sa a aljihu. A nan ya ce shi ya iso. Ya kama hannuna ya ce, "Bawana, na ƴanta ka. Ka gaida surukai, ka ce musu goro ya sha ruwa."

A Kumasi na sauka a Zango, gidan Alhaji Tanko, mai masaukin mutanenmu. Kakansa Bakatsine ne da ya zo fatauci ya manta hanyar komawa. Shi a nan aka haife shi, yana jin Tonanci kamar ruwa, kuma shi ne ya je ya sallaci Bukar. Ya karɓe ni hannu biyu. Aka kawo sakwarar rogo da ayaba, a zaune tsakiyar miya kamar tsibiri. Na gutsura na kama tauna. Na tauna, na tauna, abu ya ƙi ƙarewa, mutanen gida suna leƙe. Alhaji ya ce haɗiyewa ake yi. Na ce to amfanin ƴan haƙoran da Allah ya bar mini fa? Amsar tambayarku ta dodon koɗi kuwa: e, suna ci. Babba ne, ya kai dunƙulen hannu. A wata rumfar kasuwa na tsamo shi daga miya, muka dubi juna, na ce wa mai abincin na tuna ina azumi, alhali hannuna na cikin kwano.

Alhaji Tanko ya yi ƙoƙarin wayar da ni, Allah ya saka masa. Ya ce Tonawa suna da kujerar zinariya da ko sarki ba ya zama a kanta, wai ran al'ummarsu na cikinta. Da wani Bature ya ce a kawo masa ya zauna, yaƙi aka yi, kuma wata tsohuwa ce ta ja gaba. Ya ce in sarki ya mutu ba ɗansa ke gado ba, sai ƙanensa ko ɗan ƴar'uwarsa, kuma tsohuwar gidan sarauta ce ke nuna wanda za a naɗa.

Na ce, "To ɗan sarkin fa?"

"Ya je gidan kawunsa ya ci nasa gadon. Malam Kyari, abin da nake so ka gane ke nan. A nan ɗa na dangin uwa ne. Yarinyar nan da ka zo ɗauka, a wurinsu tasu ce."

Na yi murmushi irin na wanda ya yi lakwal. Na ce, "Alhaji, ba su sami mai yi musu bayani ba ne."

Ya ce, "Haka ne. Tun kakana muna nan, ashe kai muke jira."

Muka shiga ƙaramar mota zuwa ƙauyen, can cikin kurmi, inda rana sai ta nemi izini kafin ta taɓa ƙasa. Na sa rigata mai aska takwas. A ƙofar gidan na ga wata ƴar tsohuwa, kai a aske, da ɗaurin ƙirji, tana shara. Na miƙa mata jakata da butata, na yi mata nuni ta cika mini ruwa. Alhaji ya taka mini ƙafa, na ɗauka santsi ne ya kwashe shi. Tsohuwar ta karɓa, ta cika butar, ta kawo, har da ɗan rusunawa. Na ce wa Alhaji barorin ƙasar nan akwai ladabi.

A tsakar gida muka bi mutane da musabaha daga dama zuwa hagu, ba a tsallake kowa. Muka zauna, aka ba mu ruwa, su kuma suka taso suka rama gaisuwar. Sai wani dattijo yafe da zane, kafaɗa ɗaya a waje, ya tambayi abin da ke tafe da mu, ko da yake sun sani sarai. Na ɗauka shi ne uban matar Bukar. Ashe kawunta ne. Uban nata yana nan zaune kusa da ni a bencin baƙi, hannu a gwiwa, shi ma an ba shi ruwa kamar yadda aka ba ni.

Na kwance tsumma, na gabatar da goro. A daidai lokacin wani kwanso ya faɗo daga itacen da ke inuwantar da mu, akuya ta je ta shinshina ta wuce. Na ɗaga kai. Na dubi gefe, ga mata zaune gaban kwanduna cike da goro suna ɓarewa. Dattijon bai ko yi murmushi ba. Ya karɓa hannu biyu, ya yi magana, Alhaji ya fassara yana kallon ƙasa: "Ya ce sun gode da ka rako musu shi gida. Ya ce da alama ya sha hanya."

Sai aka kawo Fanna. Su a can Abena suke ce mata, wai don ranar Talata aka haife ta. Ashe su ma suna da Talatu. Ba ta wuce shekara bakwai ba. Kunnuwan Bukar ne, wushiryar Bukar ce, amma kumatun ba na gidanmu ba ne, rabona da ganin irinsu a fuskar yaro tun kafin fari. Uwarta, Akosuwa, ta tura ta gabana. Yarinyar ta durƙusa ta ce, "Sannu Baba," ta karanta mini Fatiha tiryan-tiryan da irin jan muryar ubanta. Hausarta ke nan duka. Na ce wa jama'a albasar hanya ce ba ta gama fita daga idona ba.

Akosuwa ta kai ni kabarin, a ƴar maƙabartar Musulmin ƙauyen. Ta bakin Alhaji ta gaya mini cewa shekarar da gwamnati ta kori baƙi, danginta ne suka ɓoye Bukar cikin gonar koko suna kai masa abinci har ƙura ta lafa. Da ya rasu suka bar Musulmi suka binne shi yadda addininsa ya ce, daga baya su kuma suka yi nasu makokin da ganguna da jajayen zannuwa. Ina cikin addu'a sai ruwa ya kece. Kowa ya ruga neman mafaka. Ni na kasa tashi. Na zauna yana dukan rigar da na adana don surukai, ina kallon yadda yake gudu yana shigewa kurmi, ba wanda ya tara ko ƙwarya.

Washegari aka zauna maganar. Dattijon ya zauna, maza suka zauna, amma ba a fara ba. Sai ga ƴar tsohuwar nan mai shara ta fito cikin zane mai tsada, an biyo ta da wata farar kujera ƴar guntuwa. Maza duka suka miƙe, suka zame zane daga kafaɗa. Alhaji ya raɗa mini, "Kakar Akosuwa ce. Gidan nan da gonakin nan duk a hannunta suke. Butarka tana gaishe ka."

Da wata maganar ce da na nemi takalmina na sulale. Amma na tuna hannun Iya. Na miƙe na yi jawabi. Na kawo addini, na kawo al'ada, na kawo tarihin gidanmu tun daga Barno. Na ce ko'ina a duniya, har Faransa, da sunan uba ake kiran ɗa. Na rufe da misalin da na yi ta gyarawa tun a mota: mace gona ce, namiji shi ne mai iri, kuma kowa ya san wanda ya zuba iri shi ke da hatsi. Uban Akosuwa ya gyaɗa kai a hankali, ya duba ko an gan shi, ya daina.

Tsohuwar ta saurara har Alhaji ya gama fassara. Sa'an nan ta yi tambaya, ba ta ko ɗaga murya ba.

Alhaji ya ce, "Ta ce, bara kun yi shuka a ƙasarku?"

"Mun yi, mun sake, mun kuma."

"Ta ce, ko irin ne ba shi da kyau?"

"Gerona? A faɗa mata duk Damagaram ba irin da ya fi na gonarmu ta Gidimuni."

"Ta ce, to me kuka girba?"

Na koma na zauna.

Ta ci gaba, ba faɗa ba tsawa. Ta ce ita ma ta binne ƴaƴa, ta san abin da ke cin ƴar'uwarta da ke Damagaram. Amma ba za ta ɗauki yarinya daga inda ake zubar da saura ta aika inda ake layi ba. In ƙasarmu ta warke, Akosuwa da kanta za ta kawo ta ta gaida kakarta, ta koma da ita. Ba za a hana ta salla ba, ba za a share mata sunan da ubanta ya sa mata ba. Ta sa aka ɗaure mini masara da garin rogo, iyakar abin da mota za ta yarda ta ɗauka. Ta kira Fanna, ta warware ɗan kwalin da ke kan yarinyar, ta ninke, ta ba ni, ta ce in kai wa mai sunan.

Dawowa ba labari. Na bar farar hula a kan mulki, na tarar da soja. A bariyar Yamai aka gaya mana, direba ya ce to, Allah ya sa su sun san inda aka ajiye ruwan sama. Ni dai duk tsawon hanya ina shirya yadda zan faɗa wa Iya.

Na same ta a kan tabarmarta. Ta amsa sallamata, ta karkata kai tana sauraron ko akwai wasu ƙananan sawu a bayana. Babu. Na durƙusa na sa mata ɗan kwalin a hannu, na faɗa mata komai. Ta shafa shi, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Tana ƙoshi?"

"Iya, kumatunta kamar an hura."

"Tana salla?"

"Fatiha a bakinta, sai ka ce Bukar."

"To. Alhamdu lillahi." Ta cusa ɗan kwalin ƙarƙashin matashinta.

Da na tsaya nan da na tsira da ɗan mutuncina. Amma ga matan gida sun taru a bakin ƙofa, sai na ga ya kamata a san daga ina gazawar ta fito. Na gyara murya na ce, "Ai Iya, ƙasar ce a juye. A ce wai ƴar tsohuwa guda, wadda iska za ta iya ɗauka, ta yi magana, garada da gemunsu su ce to, ba mai musu? Wallahi a Damagaram ba a taɓa yin haka ba, kuma ba za a yi ba."

Iya ta juyo da fuskarta wajen muryata.

"Kai kuma da furfurarka, wa ya tashe ka ka ƙetare ƙasa uku? Ubanka?"